Ƙofar Gidanmu na Madagali

Dada,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya Adda Asta da mutanen Gwadabawa? Karatu lafiya. Tarin nan ya yi sauƙi, kada ki sa a ranki.

Ranar Asabar makaranta ta kai mu wani tsohon tafki cikin duwatsu, irin tafkinmu na Njuwa guda ɗari ba za su cika shi ba. Wai akwai gari a ƙarƙashinsa, ruwa ya cinye tun zamanin da. Mai kwalekwale ya nuna mana inda kasuwar take, kamar jiya ya baro ta.

Ni kuwa, shekara goma kacal da gudowarmu daga Madagali, na kasa tuna ƙofar gidanmu. Allah ya ƙara miki lafiya, Dada, gabas take kallo ko yamma?

Ɗanki,
Suhaib, Bishkek