Shimin Ulu da Ƙurajen Runa

Litinin, 4 ga Maris
Runa ta cika wata goma sha ɗaya. Tunda uwarta Tuva ta koma koyarwa, kullum ɗana Sindre yake sauke min ita kafin ya wuce tashar jirgin ruwa. Da gidan raino Tuva ta so kai ta, Sindre ne ya roƙar min arziki. Sai aka haɗo ta da doka: kada a sa mata ulun gida, wai yana da kaushi. Ni da na raini yara uku cikin ulun tumakina! Suna juya baya nake zura mata 'yar shimin da na saƙa, in kwantar da ita cikin kekenta na jarirai a baranda. Awa biyu take shararawa cikin sanyin nan, kumatu jajur. Kafin a zo ɗaukarta na cire. Raina fes.

Talata, 5 ga Maris
Bayan abincin rana jikinta ya yi rau. Ma'aunin zafi ya nuna talatin da tara da rabi. Ba tari, ba majina. Ja'irar ma dariya take tana jan kunnen karena.

Laraba, 6 ga Maris
Tuva ta zauna gida da ita. Na kai musu miyar kifi. Zafin ya kusa arba'in, fatar idonta ta ɗan kumbura, ga 'yan kaluluwa a bayan wuya. Abinci sai ta kau da kai, nono kuwa ba ta wasa da shi. Tuva ta kira likita, tana ta rubuce-rubuce. Yaran yanzu, komai sai an rubuta.

Alhamis, 7 ga Maris
Jiya i yau. Gidan ya yi min faɗi.

Jumma'a, 8 ga Maris
Zazzaɓi ya sauka kamar an ɗauke da hannu, aka kawo min ita tana tsalle. Don murna na sa mata shimin. Da la'asar ina cirewa sai na ga abin da ban zata ba. Ƙananan ƙuraje ja-ja, ƙirji, ciki, baya, daidai inda ulun ya kwanta. Ƙafa da fuska ba ko ɗaya.

Na zauna da ita a cinya ina lissafin ƙarya. Sabon sabulu? Kare? Na hango ta a gidan raino, ni kuma ina jiran Lahadi in je ganinta kamar baƙuwa. Tsoro na ji, tsoro sosai.

Da Tuva ta shigo ban bari ta cire takalmi ba. Na ce, "Ni ce. Na sa mata ulun."

Ta ɗaga rigar, ta danna ƙurji ɗaya da yatsa, ya koɗe, ya dawo. Ta ce, "Tana susa?" Na ce ko kaɗan. Sai ta kwashe da dariya.

"Haba Gunvor! Zazzaɓin kwana uku ne. Likita ya ce in zafi ya sauka mu jira ƙuraje, su ne sallamarsa. Ulunki kuwa, tun makon farko nake tsintar gashin tunkiya a cibiyarta."

Na ce me ya hana ta magana.

"To ai ta fi barci a nan. In hana ki, in hana kaina hutu?"

Kunya kamar in shige ƙarƙashin tebur. Ta sha kofi biyu kafin su tafi.

Asabar, 9 ga Maris
Ƙurajen sun hau wuya kaɗan. Sindre ya kira yana tsokana: "Mama, an ce an kama ɓarauniya da tunkiya a hannu." Mara kunya.

Litinin, 11 ga Maris
Ƙuraje sun ɓace, ko tabo babu. Runa ta cinye ɗan kwanonta tas tana miƙo hannu ga wainar kifin da nake soyawa. Na kira Tuva a lokacin hutun tara na makarantarsu na tambaye ta ko in ba ta. Ba wai ban sani ba, yara uku fa. Ta ce in ba ta rabi, gishirin ya yi mata yawa.

Rabin na ba ta.