Telen Baba Mai Ƙeya

Dogon Dutsi, 4 ga Maris

Ƙanena Luƙman,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar Abijan, ina Karima da jinjiri? Baba yana gaishe ku. Takarda na rubuto saboda duk abin da na faɗa a waya yana kunnensa.

Direba ya kawo kwalin. Na ga na'urar bidiyo da kile, ɗan ma'ajin nan da ka zuba hoton bikin sunan ɗanka a ciki. Sai dai abinka bai shiga telenmu ba, tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙeya. Wayar na'urarka baki guda gare ta, mai faɗi, telen Baba kuwa rami ukku ne, ja da fari da rawaya. Telen nan da albashina na farko na koyarwa na saye ta, shekara sha tara tana aiki, ba wanda ya taɓa raina ta.

Baba ya zagaye unguwa da kwalin a hammata, har bakin masallaci, yana cewa Luƙman ya aiko. Ni da nake kai shi likitan ido duk wata a bayan babur, ban taɓa jin ya kai sunana bakin masallaci ba. Kullum da asuba tambayarsa ɗaya: "Mani, an haɗa?" Na gaji da amsawa.

Wanka,
Mani

Abijan, 15 ga Maris

Yaya Mani,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma. Muna lafiya, yaron da muke kira Auwal har ya fara murmushi.

Yaya, na san telen Baba sarai, a gabanta na girma. Shi ya sa na sa wani ƙaramin baƙin akwati a kwalin, cikin leda shuɗiya. Wayar na'urar ta shiga gefe ɗaya, wayoyi ukkun su fita ta ɗayan, shi ke nan. Ko ya faɗi a mota ne?

In ya ɓata, kada a ja lokaci. Likita ya ce yanar idon Baba ƙaruwa take, a salula kuma, wayar hannu, ba ya ganin komai sai haske. Ka shiga kasuwa ka zaɓi sabuwar tele marar ƙeya, mai faɗi sosai, mai ƙarfin sauti, wadda ke da ramin kile. Kai ka fi ni sanin idonsa, zaɓin naka ne. Don Allah ku kalla tare da shi.

Ƙanenka mai biyayya,
Luƙman

Kiyeshe, 23 ga Maris

Luƙman,

Gaisuwa mai yawa daga yayarka. Na je gida ranar Juma'a na yi wa Baba shara da wanki. A bayan buhun hatsi, ɗakin Yaya Mani, na tsinci leda shuɗiya. Ba a mota ya faɗi ba.

Na kai wa Yaya har hannu. Ya karɓa, sannan ya ce, "Hindatu, ke ma kin koma wajensa?" Na ce, "Yaya, wajen wa? Tsoho ne yake son ganin jikansa kafin idon ya rufe." Ya ce shi ke noman gonar, shi ke tuƙa babur ɗin, amma kwali ɗaya daga Abijan ya shafe shi. Sai na kasa yi masa faɗa.

Kada ka kira shi da fushi. Kada kuma ka aiko da sabuwar tele ta bayansa, za ta zame masa mari. Baba bai san komai ba, ya ɗauka wuta ce take wasa.

Yayarka,
Hindatu

Dogon Dutsi, 28 ga Maris

Ƙanena Luƙman,

Assalamu alaikum. Akwatin bai ɓata ba, ni na ɓoye shi. Sati ukku Baba yana jira saboda ni.

Jiya bayan la'asar na haɗa. Minti biyu bai ɗauke ni ba. Baba ya ja kujera har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Muka ga taron, muka ga Karima, muka ga ragon. Sai liman ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Usmanu.

Na ce, "Baba, ba Auwal ba ne?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Auwal na kira ne, tunda matarsa ba za ta iya faɗin sunan wan mijinta ba. Sunanka ya roƙa, Mani. Ya ce kada in faɗa maka, ka ji da kunnenka. Ka ga abin da ya sa nake ta damunka a haɗa."

Sau huɗu ya sa na mayar da wurin. A na huɗun ya shafa gilashin ya ce fuskar yaron ba ta fito masa ba, sai farin zanen da aka naɗe shi da shi. Ban sani ba ko sati ukkun nan ne suka ci sauran.

Yau na shiga kasuwa na zaɓi mafi faɗi, gobe za a kawo. Ka ɗauko mini fuskar takwarana daga kusa, kusa ƙwarai, ka aiko da motar farko.

Ka yafe mini.

Wanka,
Usmanu Mani