Rasuwar Hajiya Inna Mai Kwalba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Binciken Halittun Ruwa ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, tsohuwar Shugabar Ɗakin Gwaji, Hajiya Inna Mai Kwalba, wadda ta koma ga Mahaliccinta ranar Talata da hantsi, tana da shekara sittin da bakwai, bayan gajeriyar jinya.

Shekara talatin da ɗaya marigayiya ta yi tana shiga tafkuna marasa zurfi da dogon takalmin roba, tana ɗebo ruwa a kwalabe, abin da ya jawo mata wannan laƙabi. A cikin ruwan take neman kofifod, wasu ƙananan ƙwari masu ido ɗaya da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, amma mafarauta ne. Takan sa ƙwaron a ƙarƙashin madubin bincike, ta buɗe cikinsa da tsinin allura, ta rubuta abin da ya ci. Mai gidanta, tela mai ritaya, ya sha yi mana tsiya cewa matarsa ta san karin kumallon kowane ƙwaro a tafki, nata kuwa sai ya huce a kan tebur.

Ba za mu manta da shekarar da masu kiwon kifi suka yi asarar 'ya'yan kifinsu ba, suka ɗora wa kofifod laifi, har suka yanke shawarar zuba magani a tafki su hallaka ƙwarin baki ɗaya. Hajiya ta roƙe su su ba ta mako uku. Ta buɗe ƙwari sama da dubu, sannan ta kira dattawansu ɗakin gwaji, kowa ya leƙa madubi da idonsa. Suka ga cewa a tafkin nasu ƙwarin ba sa iya kama ɗan kifi sai a kwanakinsa na farko, kuma tsutsar sauro suka fi ci. Ta ce musu, “Ku bar 'ya'yan kifin su yi ƙarfi kafin ku sake su a tafki, waɗannan kuma ku ƙyale su, gadin jikokinku suke yi.” Suka ji maganarta, kifi ya rayu, ba a zuba maganin ba.

A madadin Shugaban Ƙungiya, Majalisar Amintattu da ɗaukacin membobi, muna miƙa ta'aziyya ga mai gidanta, 'ya'yanta huɗu, jikokinta da ɗalibanta. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Muna kuma gode wa dattawan masu kiwon kifi, waɗanda suka bar aikinsu suka zo jana'iza tun kafin mu aika musu.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya,
ɗaya daga cikin ɗalibanta