Lallen Inna Ya Ƙone

Yaya Balaraba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, da sauƙi? Yaya maigidan da yara, ya kuma hidimar bikin 'yarmu Zainab? Mu nan unguwar Chagoua lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Lallen da marigayiya Inna ta dasa a tsakar gida ya mutu, kuma ƙaninmu Habu ne ya kashe shi. Ciyawa ce ta cika gidan da damina. Na ce ya ɗauki fartanya ya nome, ya ce shi ya wuce zamanin duƙe-duƙe. Ya sayo maganin ciyawa, ya aro famfon feshi. Na ce, "Habu, iska ake yi, bari ta kwanta. Ka rufe shuke-shuken da buhu, ciyawar gindinsu kuma a cire da hannu." Ya yi dariya ya ce, "Ma fi mushkila, ba matsala, maganin ya san ciyawa." Ko takardar jikin kwalbar bai duba ba.

Kafin mako ya zagayo lallen ya bushe ƙurmus, zogale da yakuwa suka bi shi. Na yi ta ban ruwa a banza. Har yau bai ba ni haƙuri ba, wai ai itace ne.

Ki sa ni a addu'a, Allah ya sanyaya min zuciya, don ko gaisuwarsa ba na amsawa. Ki gaida kowa da kowa. Lallen da kika ce in daka wa Zainab kuwa, sai dai ki saya a kasuwa. Da lallen Inna aka yi mana ni da ke a bikinmu. Ita Zainab kuwa, Habu ya hana ta.

Ƙanwarki,
Hadiza