Sauran Maganin Baba

Daren Laraba, Fadikpe, 2011

Yau na yi wa Gwaggo Asabe musu a gaban Baba. Da ta ga ƙafarsa ta daina mugunya, sai ta ce a ba ta sauran kafson ta kai wa mijinta mai tari. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, kwana bakwai likita ya ce, yau huɗu." Wai boko ya cire mini kunya. To, ya cire ɗin! Bara ma a rabi muka tsaya, ciwon ya dawo har aka yanke wa Baba yatsa. Na kulle maganin a akwatina.

Bayan isha'i Baba da kansa ya miƙo hannu, ya ce, "Uwata, kawo na dare."