Tokar Siok-hun

Zuwa ga Yaya Tiong-gi,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan ƙafar taka ta yi sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san kai aka kai makaranta, ni aka tura kududdufin kifi.

Tun muna samari akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da ƙanwarmu A-bi ta rasu ba ta yi aure ba, Baba ya ce mace ba ta hawa teburin kakannin gidan ubanta, sai na gidan miji. Aka kai allon sunanta ɗakin da ake ajiye na 'yan matan da suka mutu ba aure, can bayan masana'antar sukari. Har yau ni kaɗai nake kai mata shinkafa. Kai ko hanyar ba ka sani ba.

Yanzu ga 'yata Siok-hun. Wata mai kamawa za ta cika shekara da rasuwa, ranar da ake ɗibar tokar turarenta a zuba a kaskon kakanni, ta zauna cikinsu ta riƙa ci tare da su. Makullin zauren kakanni yana hannunka. Ka buɗe mata.

Ƙaninka,
Tiong-hok

*

Zuwa ga ƙanina Tiong-hok,

Na karɓi saƙonka, ina kuma taya ka jimamin da bai gushe ba.

Ba ni na kafa ƙa'idar zaure ba, tarar da ita na yi. A takardar gwamnati Siok-hun ta auri waccan malamar jinya, Giok-lan. Wadda ta yi aure kuwa ta bar gidanmu, sai a nemi danginta na can. A wajen kakanni kuma, mace da mace ba aure ba ne, don haka budurwa ta mutu, budurwa kuma ba ta shiga zaure. Duk da haka na jefa katakan tambaya a gaban teburin, suka faɗi a kife. Kakanni sun ƙi.

Shawarata a kai ta kusa da A-bi, su ɗebe wa juna kewa. Ka kula da lafiyarka.

Yayanka,
Tiong-gi

*

Baba,

Ina gaishe ka da ladabi, Baba Tiong-hok. Na samu wasiƙarka da busasshen kifin, na gode.

Ka ce tunda Kawu Tiong-gi ya ƙi, in kai ta teburin gidanmu. Baba, gidanmu babu tebur. Kakana ya ƙone allunan kakanninmu ranar da ya shiga coci. Mahaifina dattijon coci ne, tun ranar da muka sa hannu a ofishin rajista bai ƙara ɗaga wayata ba. Doka ta bar ni na zauna a gefen gadonta, ta ba ni gawarta, amma ba ta gaya mini inda za ta ci abinci ba.

Kaskon turarenta yana bisa wata 'yar kanta a ɗakinmu. Kullum da safe ina dafa mata kunun shinkafa in kunna turare. Ban iya ba. Tsohuwar da ke sayar mini da shi har dariya ta yi, ta ce, "Ke 'yar coci, da hannu biyu ake riƙewa, ba taba sigari ba ce!"

Muddin ina numfashi ba za ta kwana da yunwa ba. Amma ba mu da ɗa, Baba. Ranar da na bi ta, wa zai kunna?

'Yarka,
Giok-lan

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice.

Ni ban taɓa son auren nan ba, ka sani. A fuskarta na faɗa mata, ta ce, "Baba, kifinka ma ba sa jin maganarka, balle ni." To ta yi abinta, ta tafi. Yanzu ka ce ta yi aure, ba tamu ba ce. Ka juya ka ce ba aure ba ne, ba za ta shiga ba. Ni ban yi karatu ba, amma na san ƙofa ɗaya ba a kulle ta daga ciki da waje. Ka zaɓi ɗaya.

Ɗanka da ya bar mata da yara da yunwa ya je ya mutu a gidan caca, tokarsa tana cikin kaskon. Wa ya jefa masa katako? Naka kuma kai kaɗai ka jefa, ba mai gani. Ka sake jefawa a gabana.

Yarinyar da aka tasa a coci tana ƙona yatsunta kullum saboda 'yata, kai kana zaune da makulli a aljihu. Bayan masana'anta kuwa ba za ta je ba. Na san yadda ruwa ke zuba a kan allon A-bi, ni nake goge shi.

Ranar cikar shekara zan zo da Giok-lan, kaskon a hannuna. In ka ƙi buɗewa, zan zauna a bakin ƙofar, duk dangi su wuce su gan mu. Baba ya mutu bai amsa mini maganar A-bi ba. Kai kana da rai. A ina 'yata za ta ci abinci? Ka amsa mini.

Tiong-hok