Malamin da Yake Zuwa Talata Ya Tafi Alhamis

Doña Herminia,

Mijina Fidencio yana kwance, bayansa ya riƙe tun ɗaukar buhunan kofi. Surukata tarinta ya yi sauƙi. Babban ɗana yana San Pedro Sula, lafiyarsa ƙalau, kira ne dai ba ya yi. Autata Yolani ma lafiya lau, sai dai shekararta tara kuma har yau ba ta iya karanta sunanta. Saboda ita na rubuto, ki taimake ni. Amma in haƙuri za ki ba ni, ki riƙe abinki.

A ƙauyenmu kwamitin iyaye ne ke ɗaukar malami, kuma ina cikinsa. Mutum biyu suka nemi aikin: wata Dilcia, da Nery, ɗan ƙanwar shugabanmu Don Arcadio. Shi Arcadio shi ya riƙe Yolani ranar baftisma, don haka kompadre nake ce masa, yana ce mini komadre.

Ranar duba takardu kowa ya kalli hatimi ya miƙa wa na gaba. Ni sai da na kai shekara talatin da takwas na koyi karatu ta rediyo, da yatsa nake bin layi. Arcadio ya ce a gaban kowa wai a ɗora wake tunda komadre ta fara karatu, zai nuna kafin ta gama. Har mijin ƙanwata ya yi dariya, sakarai. Ban ɗaga kai ba. A shafin ƙarshe na ga lambar wayar makarantar da Nery ya bari, na kwafe a tafin hannuna.

Washegari na hau tudun da waya ke samun sabis na kira. Shugabar makarantar ta yi ta kwana-kwana, amma matar da ke dafa wa yara abinci ta karɓi wayar ta faɗa mini gaskiya. Motar Talata ke kawo Nery, ta Alhamis ta mayar da shi gari. Shekara biyu a haka. Irin malamin da ya bar mana Yolani a makance ke nan!

Dilcia kuwa ta ce za ta zauna a ɗakin bayan coci. Ita nake so.

Ranar Asabar za mu zaɓi malami, da ɗaga hannu a gaban juna. Fidencio ya ce in yi shiru, ba a kunyata kompadre, kuma motarsa ke kai mana kofi kasuwa. Ni kuwa ji nake kamar in tona su a tsakar taro, shi da ragon ɗan ƙanwar tasa. Jaridarku ranar Alhamis take iso mana. Ki ba ni amsa a ta wannan makon, bayan Asabar ba ta da amfani.

Uwar Yolani

*

'Yar'uwata,

Ba haƙuri zan ba ki ba, aiki zan ba ki. Mutanen kwamitinku sun kalli hatimi, ke kaɗai kika karanta. Don Arcadio bai kyauta ba da ya yi miki ba'a.

Amma ke ma akwai saura. Tudun nan sau ɗaya kika hau. Kin binciki wanda kike ƙi, kin yarda da alkawarin wadda kike so. Gobe Juma'a ki kira inda Dilcia ta koyar, ki yi musu tambayoyin da kika yi a kan Nery. Ki kuma nemi wani uba ko uwa daga tsohuwar makarantarsa, don bakin mai girki kaɗai ba zai tsaya a taro ba.

Daga nan ki je gidan kompadrenki ke da Fidencio, in bayansa ya bari. Ki faɗa wa Arcadio abin da kika ji tun ba kowa a wurin. Mai yiwuwa bai sani ba. In kuwa kika tona shi a taro, zai kare ɗan ƙanwarsa ko da ya san gaskiyarki ce.

Ranar Asabar kada ki zagi kowa. Ki nemi abu biyu a kan su duka: kowannensu ya koyar da yara awa ɗaya a gabanku, kuma wanda aka ɗauka ya sa hannu zai kwana a ƙauye daga Litinin zuwa Juma'a. Mai shirin bin motar Alhamis da kansa zai janye.

In Arcadio ya ƙi, ki tuna masa alkawarin da ya ɗauka a coci ranar da ya riƙe Yolani. Ki ba shi takarda ya miƙa mata ta karanta masa sunanta.

Allah ya ba Fidencio lafiya, ya ƙarfafa hannunki ranar Asabar.

Herminia